Tenshan da Danginsa a Bakin Nilu

Tenshan kalmar Turanci ce da ta shiga bakin ɗaliban Hausawa na Khartum ta ƙofar ajin likitanci, ta shimfiɗa tabarma, ta ƙi tafiya. Asalin ma'anarta ɗamewar abu idan an ja shi, kamar tsirkiyar baka ko fatar kalangu. A bakin ɗalibi kuwa tana ɗaukar duk abin da ke kaɗa hantar ciki: jarrabawa, ƙarewar guzuri, sallamar mai gidan haya, da saƙon da aka aika wa yarinya, aka ga ta karanta, ta yi shiru.

Kafin yaƙin 2023, muhallinta ya taso daga Soba, a bakin Shuɗin Nilu kudu da Khartum, har zuwa Omdurman a ƙetaren ruwa. Soba tsohon gari ne. Shi ne babban birnin daular Alwa ta Kiristocin Nuba, wadda ta faɗi wajajen 1504, kuma a 1975 aka buɗe asibitin koyarwa na Jami'ar Khartum a can. A 1990 gwamnatin Sudan ta umarci jami'o'i su koma koyarwa da Larabci, amma littattafan likitanci suka ci gaba da zama na Turanci. Saboda haka yaron da ya baro Katsina ko Maraɗi zuwa Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa yakan tashi da harsuna uku na jin tsoro, kowanne da inda ake sa shi, kamar riguna.

Na Turanci su ne rigunan fita. Mafi ƙanƙanta a cikinsu nabas, mai gajeren rai: tana kama mutum a ƙofar ɗakin jarrabawar baka, ta sake shi da zarar ya fito. Sama da ita sitires, cutar manya, wadda ba ta kama mai tallan gyaɗa ko direban rakasha, sai mai jaka da tabarau. Wanda ya ce yana da sitires ya sanar da jama'a cewa aiki ya yi masa yawa, ko da kuwa tun azahar yana zaune wurin mai shayi. Sai ankomfatabul, wadda ta fi kowace faɗin hannu, don tana aiki a cikin motar haya ta amjad da ta cika maƙil a zafin watan Mayu, tana kuma aiki a gaban surukai. Imbaras kuwa laifi ne da wani ke yi wa mutum. Ana cewa "ya yi imbarasin ɗina," ba a cewa "na yi abin kunya."

Abin mamaki shi ne Hausa ba ta talauce a wannan fanni ba, balle a ce larura ce ta kawo aro. Tana da fargaba da faɗuwar gaba ga abin da ke tafe, zullumi da taraddadi ga wanda ke hana barci, ɗar-ɗar ga zaman da ba a saki jiki ba, tsarguwa ga mai kashi a gindi. Tana da tsuru-tsuru, wuri-wuri da ido, inda-inda, kame-kame da sosa ƙeya. Inda Bature ke cewa malam-buɗe-littafi na shawagi a cikinsa, Bahaushe cewa yake ciki ya ɗuri ruwa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban farfesa ba tare da ya yi karatu ba ya san wanne ne ya fi kusa da gaskiya.

Matsalar ta nahawu ce. A bakin namiji, waɗannan kalmomi ba su da lamirin mai magana. Ana cewa "cikinsa ya ɗuri ruwa," ana cewa "idonsa ya raina fata," amma "cikina" da "idona" ba sa hawa harshe, sai fa bayan shekara biyar, a majalisa, ana dariya. Wanda ya ce gabansa na faɗuwa ya amsa sunan matsoraci. Wanda ya ce yana cikin tenshan kuwa ɗan boko ne da nauyi ya hau kansa, har a kawo masa ruwan sanyi. Gumin ɗaya ne, farashin ne ya bambanta.

Harshe na uku shi ne Larabcin Sudan, kuma a nan ɗalibi ke gamuwa da danginsa da suka riga shi zuwa. Hausawa sun daɗe a ƙasar. Wasu mahajjata ne da suka tako da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka zauna. Wasu sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Dattijon da kakansa ya ratsa Chadi da Darfur a bayan jaki ba ya gane yadda takarda mai shafi biyu za ta hana saurayi barci. Zai dube shi ya ce, "Malak, ɗana?" wato me ya same ka. Amsar da al'ada ta tanada ita ce ta'aban, kalmar da ke rufe gajiya, zazzaɓi, bashi da soyayya da mayafi ɗaya. Maganinta ma kalma ɗaya ce, malesh, a haɗa da ƙaramin kofin jabana, wato gahawa mai citta. Bahaushe ya karɓi malesh hannu bibbiyu, don ya gane ƙanwar "sai haƙuri" ce.

A Omdurman akwai asibitin ƙwaƙwalwa mai sunan Tijani al-Mahi, likitan da ya rasu a 1970, wanda ya yi nazarin zar, ɗan uwan bori, don ya fahimci yadda mutanensa ke faɗin damuwarsu da bakinsu. Ɗalibai na girmama sunansa a takardar jarrabawa. Ƙofar asibitin ce dai mai sitires ba ya so a gan shi kusa da ita, kada a fassara masa ciwonsa zuwa Hausa.

Amfani da kalmomin ya katse ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum. A saƙonnin murya da ɗalibai suka riƙa aikawa gida, kafin a kwashe su a motocin bas zuwa iyakar Masar da Port Sudan, maza sun ce "muna cikin fargaba" da bakinsu, babu wanda ya nemi Turanci. Tenshan ta dawo aiki bayan 'yan makonni, lokacin da aka fara zirga-zirgar neman jami'ar da za ta karɓi mutum a aji huɗu ba tare da takardun sakamakonsa ba.