Yadda Za Ka Kalli Ɓarawonka Daga Legas

Mai sayar da kyamarar tsaro bai yi maka ƙarya ba da ya ce duk inda kake a duniya za ka ga abin da ake ciki a shagonka. Gaskiya ya faɗa, ƙarasawa ce bai yi ba. Ɗan kasuwar Aliero da ya bi tirelar albasa zuwa Mile 12 a Legas yana iya ciro wayarsa da tsakar dare ya hango rudunsa tar, ya ga wanda ya yaye zana, ya ƙirga buhunan da ake cikawa, har ya yaba wa mutanen yadda suka iya ɗaurin kaya a bayan babur. Abu ɗaya ne ba zai iya ba, wato zura hannu ta cikin wayar ya shaƙo wuyan rigar wani. Kyamara shaida ce, ba mai gadi ba ce, kuma shaidar da ba ta magana sai da wuta da data. Don haka wanda ya fara da sayen kyamara ya faro aikin daga wutsiya. Kamata ya yi a fara neman mutumin da zai tashi da gudu idan an kira shi, sannan wuta, sannan sabis, kyamara ta zo ƙarshe. To amma tunda kwalin ya riga ya iso, yara har sun yage ledar, bari mu bi ta hanyar da kowa yake bi.

Fara da wuta, Alhaji. Hoto ne kawai yake tafiya ba waya, ita kanta na'urar ci take yi dare da rana. Jega da Aliero da Maiyama duk a hannun kamfanin Kaduna Electric suke, kamar sauran jihar Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma ba sai an tuna wa kowa ba cewa gobarar da ta tashi a tashar raba wuta ta Birnin Kebbi a watan Satumba na 2023 ta jefa yankin cikin duhu. Ɓarawo kuwa ba ya buƙatar jadawali kafin ya san an ɗauke wuta, ido gare shi. Mafita ita ce kyamara mai sola da batir, ko ƙaramar inbata. Sai dai a nan ne mutane suke yin wayon da ya fi kowanne dariya: su sayi kyamara mai batir, su bar na'urar waifai a jone da NEPA. Da an ɗauke wuta kyamara tana nan a farke tana ganin komai, ba ta da wanda za ta gaya wa. Farantin solar ma yana son hidima. Ƙurar hunturu tana rufe shi cikin 'yan kwanaki, batir kuma ba ya ƙaunar zafin watan Afrilu, balle a maƙala shi daf da kwanon rufi inda ko ƙadangare ba ya daɗewa. Sama masa inuwa, ka sa a riƙa goge farantin da tsumma.

Sai sabis. Kada ka gwada shi a ƙofar zaure inda ka saba amsa waya. Hau tsani, ka je daidai inda za a kafa kyamarar, ka tura wa wani bidiyo ta WhatsApp ka ga yadda zai tafi, domin aikin kyamara turawa ne, kuma layin da ke sauke maka fim da gudu yana iya rarrafe wajen turawa. Idan a Jega kake, yi gwajin ranar kasuwa, lokacin da fatake da dillalai da masu POS duk suka rataya a kan turke ɗaya. Gwada MTN, gwada Airtel, gwada Glo, ka bar son zuciya, wanda ya fi ƙarfi a wannan kusurwar shi ne naka. Idan kuwa injin ban ruwa kake son tsarewa a fadamar Maiyama, inda mutum kan nemi tudu kafin ya yi kira, to sayi sarƙa da kwaɗo mai kyau, ka ajiye sauran kuɗin. Daga nan zauna ka yi lissafi, don shi ne mai kaya ba zai yi maka ba. Kyamarar da ke tura hoto mai matsakaicin kyau, a ce megabit 1 a kowace daƙiƙa, tana cin kusan gigabait 11 a rana, sama da 300 a wata, idan ka bar ta tana turawa ba tsayawa. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Ka haɗa da kuɗin wata na ma'ajiyar intanet inda ake adana hoton, ka haɗa da datar wayarka ta kallo, ka kwatanta da kuɗin albasar da kake tsoron a sace. Sau da yawa za ka tarar ɓarawo ya fi sauƙi, don shi wani watan ma ba ya zuwa.

Maganin wannan, in ji masana, shi ne a saita kyamara ta riƙa ɗauka sai ta ga motsi. Shawara ce mai kyau, wadda aka yanke a ƙasar da awaki ba sa yawo. A nan motsi ba ya ƙarewa. Akuya ta zo ta gaida rudu, ƙadangare ya yi sallama da ka, leda ta taso daga bakin titi, reshen dalbejiya ya kaɗa. Da dare ya yi, ɗan jan hasken da kyamara ke gani da shi cikin duhu sai ya tara ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya saƙa gidansa a kan gilashin, daga nan kowane zare da iska ta taɓa ya zama ɗan fashi. Ranar ruwan farko da shinge ya tashi kuwa, wayarka ba za ta rintsa ba. Kwana uku ana haka, Alhaji ya gaji ya kashe ƙarar saƙon, kuma a daren ne baƙin gaske suke zuwa. Saboda haka nemi wadda ke bambance mutum da dabba, ka shiga manhaja ka zana mata iyakar inda za ta kula, ƙofa da taga kawai, ka rage mata zumuɗi, ka kuma sa tsintsiya cikin kayan aikinta.

Haɗawar kanta ba wuya, in dai ka san inda ake tuntuɓe. Sauke manhajar kamfanin, Tapo ce ko EZVIZ ko Imou ko V380 ɗin da ke zuwa da kyamarori masu siffar ƙwan lantarki. Buɗe asusu, danna maɓallin sake saiti har ka ji wata mata ta yi magana daga cikin na'urar, sannan ka nuna wa idon kyamarar ɗan zanen QR da ya fito a wayarka, kamar mai nuna wa jariri madubi, kana matsowa kana ja da baya har ta yi ƙara. Idan ta ƙi, kada ka zargi maƙiya. Yawancin masu araha waifai mai zangon 2.4 kawai suke kamawa, ba sa ganin mai zangon 5. Yi duk wannan a ƙasa, a kan tabarma, kafin a hau tsani. Wajen kafawa, mita 3 ya isa. In ta yi ƙasa a cire ta da hannu, in ta yi sama ka tara hotunan huluna da rawuna. Kada ta kalli gabas ko yamma kai tsaye, rana za ta makantar da ita. Kuma don Allah duba agogonta. Wasu suna zuwa da lokacin China, wanda ke gaba da namu da awa 7, ta yadda satar ƙarfe biyun dare za ta fito da tambarin ƙarfe taran safe, lokacin da mutum goma za su rantse sun ga wanda ake zargi a teburin mai shayi.

Yanzu kalmar sirri. A shekarar 2014 duniya ta farga da wani shafi mai suna Insecam da ke nuna hotunan dubban kyamarori kai tsaye daga shaguna da ɗakunan mutane, ba don an fasa komai ba, sai don masu su sun bar kalmar da kamfani ya sa. A 2016 kuma manhajar ɓarna ta Mirai ta bi irin waɗannan na'urori ta mayar da su runduna, aka kai harin da ya durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i. Wani zai ce wa zai baro Turai ya zo leƙen albasar Aliero? Ba sai ya baro ba, kuma ba shi ne abin tsoron ba. Abin tsoron shi ne yaron kirkin da ya haɗa maka, ɗan makarantar nan mai iya waya, wanda ya buɗe asusun da imel ɗinsa da lambarsa don ya sauƙaƙa maka. Kyamarar tasa ce ke nan, kai ɗan kallo ne. Ranar da kuka saɓa, ko ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, idonka ya tafi da shi. A buɗe asusu da lambarka, ka sauya kalmar da hannunka bayan ya sauka daga tsani, kuma kada ta zama shekarar haihuwarka ko lambar motarka. Layin da ke ba kyamarar data ma a yi masa rajista da NIN ɗinka, ka kuma riƙa leƙa shi, don layi mai ɗauke da data da yawa yakan yi ƙafa ya koma wayar wani.

Inda za ta kalla kuwa ba maganar fasaha ba ce. Katangunmu ba don ado aka ɗaga su ba, kuma kyamarar da ke juyawa daga saman bene tana iya faɗawa tsakar gidan maƙwabci inda iyali suke sake. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, Nijeriya kuma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Mai niyyar kafa ta a cikin gida don ya san abin da uwargida da amarya suke ciki idan ya yi tafiya, ya sani ba tsaro ya saya ba, shari'ar da ba ta ƙarewa ya saya, kuma hoton yana ajiye a kwamfutar wasu mutane a wata ƙasa.

Masu tsimi za su ce ma'ajiyar intanet ɓarnar kuɗi ce, katin mimori ya wadatar. Suna da rabin gaskiya. Mimori ba ya neman kuɗin wata, kuma yana ci gaba da ɗauka ko sabis ya ɗauke, abin da maƙwabtanmu na Zamfara suka ɗanɗana a Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Amma mimori a cikin kyamara yake zaune, kyamara kuma kaya ce mai kuɗi a kasuwa. Ɓarawo mai hankali da ita yake farawa, ya tafi da shaida da abin da ta shaida a aljihu ɗaya. Amfanin ma'ajiya shi ne fuskarsa ta riga ta bar garin kafin hannunsa ya kai. Haɗa biyun, ka kuma tuna cewa yawancin tsare-tsaren kwana 7 ko 30 suke riƙe hoto su goge, don haka abin da ka gani ka sauke shi a ranar.

Wasu kuma za su ce ai ganin kyamarar ma kaɗai yana korar ɓarawo. Yana korar mai kunya da sabon shiga. Wanda ya ƙware hular sanyi da rawani sun ishe shi, kuma a hunturu rabin gari haka suke fita. Idan yawan ido ne tsaro, da Abuja ta fi ko'ina kwanciyar hankali, tunda a 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470 ta kyamarori da sadarwar tsaro, mafi yawan kuɗin bashi ne daga China, daga baya Majalisar Wakilai ta zauna binciken dalilin da ya sa ba sa aiki. Turakun sun tsaya, ba wanda ke bayansu.

Sai mu ɗauka komai ya yi daidai, hoto ya fito fes. A garuruwa irin namu ba a buƙatar na'urar gane fuska, tafiyar mutum kawai za a gani a faɗi sunan kakansa. Nan ne wahalar take, domin sau da yawa wanda ya san inda makulli yake kwana ba baƙo ba ne. Yaron shago ne, ko ɗan ƙanwarka, ko surukin wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Kafin ka kafa kyamara ka yanke wa kanka abin da za ka yi da irin wannan sani, don ba a mayar da shi. Kada ka watsa a Facebook cikin fushi, taron jama'a ba ya tsayawa tantance kama da wane. Kai wa mai unguwa ko 'yan sanda, kuma in magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da ta ɗauki hoton da yadda take aiki, saboda haka kada ka yanke, kada ka ƙara masa kiɗa.

Saura abin da ya kamata a fara da shi. Ƙarfe biyun dare, kana Legas, waya ta yi ƙara, ga mutum a ƙofar rudu. Wa za ka kira? Dole ya zama wanda ke kwana kusa, wayarsa da caji, yana ɗauka idan ya ga sunanka, kuma ba ya bin ka bashi. Manhajojin nan suna ba da damar raba kallo da wani, to ka raba da shi, ka ajiye lambar shugaban 'yan banga da ta ofishin 'yan sanda a saman jerin lambobinka, ku gwada kiran sau ɗaya da rana tsaka. Idan kuma dabararka ita ce ka sallami mai gadi don kyamara ta maye gurbinsa, Alhaji, mayar da kwalin tun rasit bai ɓata ba.