Ɓarawon Wuta a Gidan Yaya

Ranar da takardar kuɗin wutar Disambar 2022 ta iso gidan yayana a Manchesta, sau uku yana karanta ta, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Fam 600 da 'yan kai. Ni ɗalibi ne mai cin arziki a ɗakin baƙi, don haka na yi shiru kamar ruwa ya ci ni.

Kowa a Ingila yana kuka a hunturun nan. Yaƙin Rasha da Yukren ya sa gas tsada, ga shi da gas ake samar da kaso mai yawa na lantarkin ƙasar. Tun Oktoba yunit ɗaya ya kai wajen kwabo 34 na kuɗinsu, duk da gwamnati ta sa baki, har tana rage wa kowane gida fam 66 ko 67 a wata. Amma Yaya ya rantse tsada kaɗai ba za ta yi wannan ɓarnar ba. Akwai ɓarawo a gidan.

Yara ya fara kamawa. Aka kafa doka: duk wanda ya bar ƙwai a kunne, ba shi ba kallon katun. Da magariba gida ya koma kamar an ɗauke wuta a Ƙofar Mata, shi kuma yana zagaye da tocilan yana zare caja daga bango. A dare na biyu ya yi tuntuɓe da keken yaro, babban yatsa ya kumbura. Sai daga baya na yi masa lissafi: ƙwan zamani mai wat 9, ko ya kwana ya wuni a kunne, abin da zai ci bai kai kwabo 8 ba. Maganin yatsan ya fi haka.

Firji ma ya sha tuhuma. Ni kuma aka ce kwamfutata ce.

Wani abokin aikinsa ya ba shi dabara: ya kashe komai, ya riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya yana kallon ɗan allon mita. Firji ya fita. Talabijin ta fita. Da aka zo ɗakin uwargida sai lamba ta yi tsalle kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Uwargida dai jego take, kuma mahaifiyarta ta taso takanas daga Kano don wanka. Hajiya ta duba ba itace, ba garwashin da za a sa ƙarƙashin gado, sai ta samo hita mai wat 2,000 ta kafa ta kusa da mai jego, ba ta hutawa sai lokacin shara. Awa 20 a rana yunit 40 ke nan, fam 13 da kwabo 60. A wata ya haura fam 400. Ta kuma gano makunnin tankin ruwan zafi mai wat 3,000 a bayan tawul, wanda Yaya bai ma san da shi ba, ana juye shi safe da yamma. Ganyen darbejiya ne kawai ta rasa.

To, wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa? Yaya ya sa babbar riga, ya durƙusa a bakin ƙofa, takarda a aljihu.

"Hajiya, barka da hutawa. Ya sanyi?"

"Sanyi kam akwai shi, ɗan nan. Hitar nan ba ta isa ba, bayan yarinyar bai gasu yadda nake so ba. A ƙaro ɗaya."

"To, Hajiya."

Saura kwana 23 a yi arba'in. Ya fito yana ɗingishi, ya miƙo min katin banki ba tare da ya kalle ni ba, ya ce in nemo mafi ƙanƙanta a kanti.