Alhaji, Hau Ka Kankare Tukuna

Na san abin da za ku ce, mutanen Akurba: "Rumfar gona ce fa, ba ɗakin amarya ba. Wa zai kashe kuɗin fenti saboda doya da agushi?" To madalla. Ku da Buhari ya zo da ƙafarsa a 2022 ya buɗe muku katafariyar tashar lantarki, ku ne kuma ruwa ke ɗiga a kan buhunan riɗinku, kuna tarewa da bokiti. Alhaji, shiga cikin Lafiya ka tambayi kuɗin bandir ɗin kwano, ka tambayi na galan biyu na fenti, sannan ka dawo mu ci gaba da gardamar.

Kwano baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da ɗan siririn zinki. Muddin zinkin na nan, ruwa ba ya samun ƙarfen. Damina a nan kuwa ba irin ta Katsina ba ce, daga Afrilu take farawa, sai Oktoba ta sake ku. Tsatsa kan soma ne a bakin ƙusa da mahaɗar falle biyu, inda laima ke kwana. Ga ku da jibge buhunan taki a ciki, wani ma har da kaji. Warin kashin kajin da ke hawa maka ka, shi ke cin kwanon ta ciki.

Amma ba da ku nake faɗa sosai ba. Mutumina shi ne wancan mai cewa, "Ai ni na taɓa shafawa, damina ɗaya ya ɓare." Malam, ina za a yi bai ɓare ba? Hoda ka shafa ba ka wanke fuska ba. Fenti ya kama tsatsa, tsatsa ba ta kama komai ba, suka sauko tare. Aikin duka yana wajen kankara, kuma nan ne kowa ke tuna yana da ciwon baya. Buroshin waya za ka sa, kwari-kwari, har garin tsatsa ya daina tashi. Bi da samfefa, wanke da ruwan omo, ɗauraye, bar shi ya bushe ƙayau. Ƙusar da ta yi lako-lako, cire ta ka buga sabuwa mai hula. Daga nan sai jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofa, a duk inda ƙarfe ya fito. Ba shi kwana guda. Sannan fentin mai, shafi biyu marasa kauri, ba ɗaya mai kauri don a gama da wuri a tafi majalisa ba.

Fallen da kake hango rana ta cikinsa kuma, kada ka wahalar da fenti. Sauke shi, awaki na neman shinge.

Lokaci? Bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta kankama, don tana mannewa a ɗanyen fenti. Jira raɓa ta bushe, ka sauko kafin rana ta take, in ba haka ba kwanon zai busar da fentin tun bai zauna ba, ya gasa maka tafin ƙafa. Kuma taka kan layin ƙusa, nan katako yake. In ka taka tsakiya ka faɗo kan doyar Hajiya, ba ni na aike ka ba.