Wasiƙa Daga Minesota Zuwa Ga Taubashi a Panteka

Mai wannan wasiƙa yana sanar da taubashi, sarkin masu baƙin hannu na Panteka, cewa hunturu ya kunno kai a jihar Minesota ta Amurka, kuma ya shiga neman mataccen babur da zai saya da guminsa, ya tashe shi kafin ƙanƙara ta narke.

Kada taubashi ya yi saurin kiran mai ruƙiyya, domin abin yana da dalili. Daga Nuwamba zuwa Maris ba a hawa babur a nan, saboda sanyi yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili, hukuma kuma tana barbaɗa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa cin ƙarfe yake yi. Wanda aka raba shi da hawa sai ya shige gareji ya koma kwancewa da ɗaurawa, ta yadda aikin da taubashi yake yi yana ƙorafin zafin Kaduna, a nan likitoci da lauyoyi ne suke kashe kuɗi don su yi shi.

Abin da aka fi nema shi ne babur da aka manta a ɗakin ajiyar gona shekara da shekaru, kuma duba shi ilimi ne. Mai saye yakan fara taka kiki, idan ya sauka da nauyi to fistin yana motsi kuma injin bai mutu ba, idan kuwa ya cije to tsatsa ta manne shi. Daga nan sai ya buɗe murfin tanki ya haska tocila, ya kuma sansana, domin tun 1997 dokar jihar ta sa ana gauraya fetur da etanol, wato sinadarin da ake tacewa daga masara, wanda yake jawo danshi, ya sa cikin tanki ya yi ja, ya kuma toshe ƙananan ramukan kafireta da wani abu mai danƙo. Takardar mallaka ita ce babba, don in babu ita samun lamba wahala ce, kuma a nan ba a karɓar hujjar taubashi ta cewa an yi musafaha a gaban mai shayi.

Zuciya tana kan Honda CB750, wanda ya fito a 1969 da silinda huɗu da burkin faifai a gaba, amma kafireta huɗu ke gare shi, kuma sai an daidaita su sun yi numfashi tare, ga tsada. Saboda haka hankali ya karkata ga CB350 mai silinda biyu, wanda aka ƙera daga 1968 zuwa 1973, aka kuma sayar da shi da yawa a Amurka, har kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Ana roƙon taubashi ya aiko da dabararsa ta saita bawul da kunne ta WhatsApp, ba tare da ya haɗa da lambar asusunsa ba. A gaida Inna, a kuma faɗa mata ana sa rigar sanyi.