Yadda Ake Auna Ɗan Takara da Tiya

Duk wanda ya taɓa sayen masara a kasuwar Dandume ya san ba a yarda da bakin buhu. Sama tsaba ce tas, ƙasa kuwa sai Allah. Shi ya sa ake soka ƙarfe a cikin buhun a zaro abin da ke tsakiya. To, ɗan'uwa, tunda zaɓen 2027 na tafe, motoci masu lasifika za su cika hanyar Funtuwa zuwa Bakori har Malumfashi, ga yadda za ka yi wa ɗan takara irin wannan binciken.

Kada ka ƙaurace wa sojojin baka a rediyo. Saurare su, akwai nishaɗi, musamman bayan an ci tuwon dare. Sai dai ka ɗauke su yadda kake ɗaukar dillali, domin ba a taɓa jin dillali ya kushe san da zai ci la'adarsa ba. Filayen nan da yawa saye ake yi, don haka in ka ji an ce mai girma ya share wa talaka hawaye, fara tambayar wanda ya biya kuɗin filin. Haka hoton Facebook. In an nuna maka tirela maƙare da taki, yi haƙuri har ka ga buhu ɗaure a bayan babur ɗin maƙwabcinka.

Takin nan shi ne babbar tiyarka. Ran da ɗan takara ya zo gari, bar shi ya gama gaishe da hakimi da liman, sannan ka tambaye shi kuɗin buhun kamfa da na yuriya a wannan makon. In ya waiwaya yana neman yaransa su raɗa masa, ka ga tsakiyar buhu. In ya amsa daidai, ƙara masa: a wane wata takin zai iso? Wanda ya zo bayan masara ta yi goyo, ɗan kasuwa ya zo wa, ba manomi ba. Sai ka ja shi zuwa auduga. Wannan yanki da auduga aka san shi, ita ta kawo masaƙar Funtuwa da gidajen gurza. An buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024, to ya faɗa maka da bakinsa wane kaya namu zai fita ta can, kuma wa zai saya.

Akwai tambayar da ba ta ɗaukar dariya. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Malumfashi, mutum na hawa mota don kawai ya kira ɗansa. Gonaki a Faskari da Sabuwa sun kwana ba shuka saboda tsoro. Tambayi ɗan takarar ina yake kwana a lokacin, kuma ta'aziyya nawa ya je da ƙafarsa ba tare da mai ɗaukar hoto ba.

Taliya da atamfa kuwa, shawarata ta Hajiya ce da sauran iyayenmu mata, tunda ƙofarsu aka fi bugawa. Wa'adin shekara huɗu ya haura kwana 1,400. Hajiya, a ɗauki ƙullin taliyar a gwada raba shi gida 1,400 a gaban wanda ya kawo.

Daga nan sai ka nemi gawayi. Duk alkawarin da ɗan takara ya yi, rijiyar burtsatse ce ko kwalbatin da rashinsa ke hana a fito da amfanin gona in ruwa ya sauka, rubuta shi a jikin rumbu, da boko ko da ajami, ka sa kwanan wata, ka yafa zana don kada damina ta wanke. Ranar da ya dawo neman ƙuri'a, shimfiɗa masa tabarma mai kyau, ka kawo fura mai sanyi, ka zaunar da shi yana fuskantar rumbun.