Kafet ya fi ɗaki

Daga Gidan Rumji har Gazawa, ba kasafai ake auna ɗakin amarya kafin a sayo kafet ba. Na amaryar maƙwabta ake aunawa da ido, sai a ƙara kamu biyu. Gwaggo ta hau mota zuwa babbar kasuwar Maraɗi, mai shago ya rantse mata: "Hajiya, wannan ɗan Turkiyya ne." A bakinsa duk kafet ɗan Turkiyya ne, ko da rubutun Sin na manne a bayansa.

Ranar jere asiri ke tonuwa. A shimfiɗa, gefe ɗaya ya hau bango, ɗayan ya hana ƙofa buɗewa. A yanke? Wa zai sa almakashi a abin da ya ci buhunan gero? Sai a naɗe rarar a cusa ƙarƙashin gado, gara ta yi godiya. Gado ya danne rabi, kabat ɗin kwanoni da kujeru su danne saura, abin da ido ke gani bai wuce dardumar salla ba.

Zaɓen launi ma wahalar banza ce. Ko fari aka sayo, hunturu ɗaya ya isa ƙura ta rina shi.

Da bazara kuwa, ɗakin kwano ba ya zaunuwa. Amarya, dangin miji da baƙi duk suna tsakar gida kan tabarmar kaba, wadda goribar Gulbin Kaba ke bayarwa da araha. Kafet yana ciki a kulle, sai baƙuwa ta zo a buɗe mata ta leƙa.