Riga Goma Sha Ɗaya, Yara Talatin

Dokar ƙwallon ƙafa ba ta da tausayi wajen lissafi. Mutum 11 ke shiga fili, ko da kulob ɗin unguwa ya tara yara 30 masu jini a jika. Tun 2020 aka yarda a canza 'yan wasa biyar maimakon uku, a 2022 kuma abin ya zauna a doka, amma ko an haɗa da su 16 ke nan. Sauran 14 suna kan benci, in akwai bencin. In babu, suna kan bulo ko tsohuwar taya. Daga wannan ragowar duk rigimar ƙwallon yara ke tsirowa. Wanda ya je Filin Mahaha a Kano ko Murtala Square a Kaduna da la'asar, ya bar kallon ƙwallo ya dubi bakin layi, zai ga jama'ar da kowannensu adalci yake nema, kuma kowane adalcin daga kan ɗansa yake farawa.

Koci ne shugaban tafiyar, kuma yana da huɗuba guda da yake yi duk ranar Litinin: "Ni a wajena babu ɗan mowa babu ɗan bora. Wanda ya zo atisaye shi zai buga." Yara su yi ta zagaye fili kwana biyar har harshe ya fito. Ranar Asabar sai ga mai lamba 10, wanda rabon da a gan shi tun wancan wasan, ya sauka daga kan babur yana taunar cingam, kuma kafin ya gama gaisuwa an miƙa masa riga. In wani ya yi ƙarfin halin tambaya, amsar a shirye take: "Shi wannan jikinsa ya riga ya san aiki." Ba na son a yi wa Koci rashin adalci shi ma. Da safe tela ne ko malamin firamare, ba wanda ke biyansa ko sisi, daga aljihunsa ake sayen ruwan leda da gulukos, kuma in aka ci kulob ɗin uku da nema shi kaɗai ake zagi har da iyayensa. Babbar cutarsa gidan kallo. Ya ga Guardiola ya mayar da ɗan baya tsakiya ranar Lahadi, to ranar Litinin yaron da ya shekara uku yana lamba 2 zai wayi gari bai san inda zai tsaya ba.

Sai Alhaji mai ɗaukar nauyi. Shi ya sayi jesi, shi ya kawo ƙwallaye biyu, shi ke zuba wa bas mai in za a je Wudil ko Bichi. Alhaji bai taɓa cewa a saka ɗansa ba, Allah ya kiyaye. Sauke gilashin mota kawai yake yi ya ce, "Koci, ya yaron naka? Ni fa ba ruwana da harkarku. In bai iya ba ka ajiye shi." Koci ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yana ƙoƙari sosai." Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ake ajiye yaron can gefen dama inda ɓarnarsa ba za ta kai raga ba. Takalmin ƙafarsa ya fi na sauran goman tsada in an haɗa su. Abin tausayin, yaron ba wawa ba ne. Ya lura ba a ba shi ƙwallo, ya ga yadda ake kallonsa daga benci, kuma da za a bar shi da zaɓinsa da yana gida yana buga ta a waya, inda ba mai hararar sa.

Akwai uba mai agogo. Wannan ba ya kallon wasa, lokaci yake kallo. Ana hura tashi zai tari Koci da waya a hannu: "Minti bakwai, Koci. Bakwai! Har da wanda aka ɓata wajen ɗauko ƙwallo daga kwata. Ai duk kuɗin fom ɗaya muka biya." Ya san haƙƙin yara, ya san illar karya musu zuciya, har yana cewa a Turai kowane yaro sai ya taɓa ƙwallo. Bayan wata biyu ɗansa ya samu gurbi a 'yan farko, sai ka ji shi yana yi wa wani uban nasiha: "Haba Malam, gasa ce fa. Ƙwallo ai ba rabon gado ba ce da za a ce kowa sai ya samu kasonsa."

Kusa da shi dattijon nan ne mai "da ba don gwiwa ba". Saura ƙiris ya buga wa Raccah Rovers a shekarar da ta ci gasar ƙasa, 1978. In aka ƙirga dattawan Kano da saura ƙiris su buga wa Raccah, za a cika Filin Wasa na Sani Abacha har a rasa wurin tsayuwa. Ba shi da ɗa a kulob ɗin, amma yana da jerin 'yan wasansa, kuma ana cin kulob ƙwallo zai waiwayo ya ce, "Ban faɗa ba?" Malamin kulob kuwa ba ya yawan magana. Zai duba ƙasa ya ce tauraron mai lamba 7 ne ke haske yau, shi ke nan wani ya koma benci saboda laifin da ba a duniyar nan ya yi shi ba.

Amma gwanin gwanaye shi ne sojan haya, ɗan shekara 15 na dindindin. Ba a ganinsa a wasannin rukuni, lokacin da ake shan rana babu 'yan kallo. Sai an kai kusa da na ƙarshe yake ɓullowa, haɓa a goge tas da sabuwar reza, ƙwauri kamar taɓarya, ya ajiye A Daidaita Sahunsa a bayan katanga don kada a gani. Takardunsa sun fi na kowa tsabta: ga takardar rantsuwa ta kotu mai hatimi, tawadarta ko bushewa ba ta gama yi ba. Ana cikin wasa wani daga 'yan kallo zai ƙwala, "Baban Ummi, ta baya!" Shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu, don Baban Ummi ba ya cikin takarda, wanda ke ciki a JSS 3 yake.

Wannan ciwo bai tsaya a unguwa ba. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta, kuma maganar shekaru ba ta taɓa barin gasar ta huta ba. A 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncinta, FIFA ta shigo da na'urar MRI da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, don a ga ko ya gama haɗewa, alamar mai shi ya wuce shekarun gasar. A 2016 na'urar ta zubar da yara 26 daga sansanin Golden Eaglets, tawagar matasan Najeriya, ana gab da karawa da Nijar. Nijar ta fitar da masu riƙe da kofin, ta kuma wuce har gasar duniya a Indiya a 2017. A filin unguwa babu na'ura. Abin da ake da shi wani jami'i ne da zai shafa haɓar yaro, ya leƙa gashin ƙafarsa, ya ce, "Wannan jiki ne kawai gare shi." Wanda aka cire wa riga don Baban Ummi kuwa ɗan 14 ne na gaskiya, wanda ya buga duk wasannin da suka kawo kulob ɗin nan. A ganina Koci na da ikon ajiye duk wanda ya ga dama, aikinsa ke nan. Abin da ba shi da hujja a kai shi ne yaro ya ji labarin an ajiye shi daga bakin mai rabon riguna.

Da an fara zancen zaɓen yaran da za su je Kofin Ramat, wanda ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala, sai ejan ya bayyana. Rigar sanyi mai tambarin wani kulob na Turai, waya cike da hotunansa da wani Bature da ba a san ko wane ne ba, kuma kullum akwai gwaji a Turkiyya wata mai zuwa, kuɗin biza kawai ya rage. Zai ja Koci gefe: "Yau ka saka min yarona, bidiyo muke ɗauka." Hujjarsa a kan komai Ahmed Musa ce, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010. Abin da ejan ba ya faɗa wa iyaye shi ne dokar FIFA ta hana cinikin yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18 sai a 'yan wurare ƙalilan, kuma shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika a watan Oktoba na shekarar kafin ya fara buga musu. Ejan dai shekarun yaro a hannunsa suke: in Turai ake magana ya ƙara, in Kofin Ramat ne ya rage.

Hajiya, uwar wani yaron benci, ba ta taɓa zuwa fili ba, ba ta san satar gida ba, amma ita ke wanki. Mako uku a jere safar ɗanta na dawowa fara sol, ko ƙura babu. Sai ta karɓi lambar Koci ta kira, ta gaishe shi da iyali da gajiya, sannan ta ce, "Malam Koci, dama tambaya ce. Shi ɗan naka ƙwallo yake zuwa ko gadin jakunkuna? Don in gadi ne, akwai shagon babansa." Ranar Asabar yaron zai samu minti 20. Wani yaron ba shi da irin wannan uwar, don haka ƙafarsa ce lauyansa: a ajiye shi sau biyu ya koma kulob ɗin ƙetaren titi, can ma a ajiye shi ya ƙara gaba. Kafin ya kai 16 ya saka rigar kulob shida, kuma duk kocin shidan 'yan son kai ne.

Gola na biyu ba ya zuwa ko'ina. Shi ke riga kowa zuwa, shi ke ɗaura raga, shi ke hura ƙwallaye, shi ke tsallaka katangar maƙwabta in an doka ta ciki a sha masa zagi. Ba kasafai ake canza gola a tsakiyar wasa ba, don haka canji biyar ɗin nan da doka ta yarda da su ba su cika shafar sa ba. Da kuɗin sallarsa ya sayi safar hannu a Kasuwar Sabon Gari, yana wanke ta duk mako ko da ba ta taɓa komai ba. Ran nan, ana gobe wasan ƙarshe, zazzaɓi ya kwantar da gola na ɗaya. Yaro ya kwana bai runtsa ba, ya gaya wa 'yan gidansu, ya gaya wa 'yan layinsu, har kawunsa ya rufe shago ya zo kallo. Ana saura minti goma a fara sai ga wani dogo da aka aro daga unguwar gaba, haɓa a goge. Koci ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, wasan yau babba ne. Ara masa safar hannunka, bai zo da tasa ba."